Yi wa Rufi Shafi: Kacala da Kimiyyar Tsare Ɗumi a Fadamar Haɗeja

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin Kogin Haɗeja cikin watan Janairu ba ya bukatar a ba shi labarin ɗari. Da rana gari yakan yi ɗumi har ma'aunin zafi ya kusa digiri 30, amma da zarar rana ta faɗi sai al'amari ya juya. Kafin asalatu zafin iska yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13, a wasu darare ma ƙasa da 10. A wannan lokaci ne masuntan da suka yi zango a gefen tafkuna, da masu gadin gonakin alkama da shinkafa na noman rani, da Fulanin da suka gangaro da shanunsu fadama, suke kwana cikin bukkokin kara da leda da tamfol. A cikin garuruwa kuwa, kamar Haɗeja da Auyo da Guri da Kiri Kasamma, iyalai da yawa suna kwana ƙarƙashin kwano tsirara, babu silin, babu komai tsakaninsu da ƙarfe.

Abin da mutane suka saba yi sananne ne. A zuba garwashi a kasko, a shigar da shi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Wannan dabara tana kawo ɗumi na ɗan lokaci, amma ita ce kuma ke jawo gobara da shaƙar iska mai guba a kowane hunturu. Ga shi kuma sanyin kansa ba abin wasa ba ne ga jarirai da tsofaffi, da masu ciwon asma, da masu sikila waɗanda sanyi ke tayar musu da ciwon ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin jagorar da ta fitar kan gidaje da lafiya a 2018, ta nuna cewa digiri 18 shi ne ɗumin da ya kamata ɗaki ya samu a lokacin sanyi domin kare lafiyar mazauna cikinsa.

Akwai wata hanya da ta fi kasko aminci. Madinki yakan yi wa babbar riga shafi daga ciki domin ta yi kauri, ta kuma zauna a jiki. To, rufin ɗaki ma ana iya yi masa shafi. Abin sha'awa kuma shi ne, ɗaya daga cikin kayan da suka fi dacewa da wannan aiki yana nan jibge a fadamar Haɗeja, ya toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta suna kuka da shi. Wannan abu shi ne kacala.

Ina Ɗumin Ɗaki Yake Tafiya?

Bahaushe yakan ce sanyi ya shigo ɗaki. A wajen masana kimiyya kuwa, ɗumi ne ya fita. Zafi wani nau'i ne na makamashi, kuma ɗabi'arsa ita ce ya riƙa gudu daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi har sai wuraren biyu sun daidaita. Yana yin wannan gudu ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ratsawa, wato zafi ya bi ta cikin jikin abu. Idan aka bar cokalin ƙarfe cikin shayi, ba da jimawa ba mariƙinsa zai yi zafi, alhali muciyar itace tana cikin tukunyar tuwo amma ana riƙe ta da hannu. Masana suna auna saurin ratsawar zafi da lamba: iskar da ke tsaye cik tana da kimanin 0.026, busasshen katako kimanin 0.13, ruwa 0.6, ƙarfe kuwa kimanin 50. Ke nan zafi ya fi saurin ratsa ruwa fiye da iska sau ashirin da wani abu, ya kuma fi saurin ratsa ƙarfe fiye da iska kusan sau dubu biyu.

Hanya ta biyu ita ce jigilar iska. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka takan tashi sama. A cikin ɗaki, iskar da jikin mutane ya ɗumama tana hawa har ta taɓa rufi, ta miƙa masa zafinta, ta yi sanyi, sannan ta gangaro ta gefen bango. Haka za ta yi ta kewayawa har gari ya waye, tana kwasar ɗumi daga kan masu barci tana kai wa kwano.

Hanya ta uku ita ce huci. Mai jin ɗumin wuta daga nesa bai taɓa wutar ba, hucinta ne ke isa gare shi. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da irin wannan huci, ko da ido ba ya ganinsa. Da dare, rufin ɗaki yana fuskantar sararin sama, wanda yake da tsananin sanyi. A damina gajimare da damshin iska sukan zama kamar bargo, su mayar da wani kaso na hucin zuwa ƙasa. A hunturu kuwa iskar da ke busowa daga hamadar Sahara busasshiya ce, babu gajimare, saboda haka rufi yakan yi ta zubar da zafinsa zuwa sama, har ya kai ga kwanon ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi.

Idan aka haɗa waɗannan hanyoyi uku, za a ga cewa duk a kan rufi suke taruwa. Iska tana kai masa ɗumi, ƙarfe yana ratsar da shi, sama tana shanyewa.

Rufin Kakanni da Rufin Kwano

Maginan Hausa na da ba su san waɗannan lambobi ba, amma aikinsu ya dace da su. Rufin soro, wanda ake jera azarar giginya, a shimfiɗa zana ko asabari, sannan a zuba ƙasa mai kauri a daɓe, yana da nauyin da ke shan zafin rana a hankali. Sai bayan sa'o'i da dama zafin yake isa ciki, wato daidai lokacin da dare ya yi kuma ake bukatarsa. Jinka kuwa tata dabarar daban ce. Shuci ko gamba da aka yanta aka baibaye tsaiko da shi yana ɗauke da dubban ƙananan aljihunan iska tsakanin ciyawa da kuma cikin kowane kara. Iskar da ke cikin waɗannan aljihuna ba ta samun filin kewayawa, saboda haka zafi ba ya samun abin hawa.

Wannan ita ce ƙa'idar duk wani makarin zafi: a kama iska, a hana ta motsi. Bargo ba ya ƙirƙirar ɗumi, iska yake tsarewa. Agwagin ruwan da ke baro Turai kowace shekara su yi hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru, da sauran tsuntsaye, sukan buɗa gashinsu da sanyin safiya domin ƙara kaurin iskar da ke lulluɓe da jikinsu.

Mutane sun koma kwano saboda dalilai masu ƙarfi. Jinka tana kama wuta kuma tana bukatar gyara a kai a kai, azara ta yi wuya ta yi tsada, rufin ƙasa kuma yakan rufta idan ruwa ya yi yawa. Sai dai kaurin kwano bai kai rabin milimita ba, ba ya ajiye zafi, ba ya kuma tare shi. Da bazara ɗaki ya zama tanderu, da hunturu ya zama randa. Masu hali sukan sa silin, wanda ke rage matsalar sosai. Marasa hali da mazauna bukkar wucin gadi su ne ke ɗanɗana kuɗarsu.

Darasi Daga Motar Zango da Tanti

Matsalar siririn rufi ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. A Turai da Amurka akwai wata irin mota da matafiya ke kwana a cikinta, mai gado da wurin girki. Kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayar da ƙananan bas-bas na Volkswagen irin wannan motar zango a 1951, daga baya kuma aka ƙirƙiro masu rufin da ake ɗagawa sama idan an yada zango, a sauke shi idan za a tashi. Gefen wannan rufi na zane ne irin na tanti, kuma a nan saman ake shimfiɗa gado. Da sanyi ya zo, sai ya zama ɗumin motar duka yana hawa yana ficewa ta wannan zane.

Maganin da suka samo shi ne shafi. Ana ɗinka shi da falle-falle na zare mai laushi kamar auduga, tare da falle mai ƙyalli da ke mayar da huci, a rataya shi daga ciki da maɓallai ko maƙalai, ya zagaye zanen gaba ɗaya. Masu amfani da shi sun koyi abubuwa uku da wahala. Na ɗaya, gam ba ya kama wuri mai sanyi ko mai damshi, saboda haka sai an goge wurin an ɗumama shi kafin a liƙa maƙalai. Na biyu, ɗan gibi kaɗan a kusurwa yana iya ɓata aikin duka. Na uku, idan aka toshe kafofin shan iska, numfashin masu barci zai jiƙa shafin da zanen, su yi fumfuna.

Hukumomin agaji ma sun koyi wannan darasi. Bayan girgizar ƙasar da ta auku a yankin Kashmir ranar 8 ga Oktoba, 2005, an raba tantuna masu yawan gaske, sai aka tarar yawancinsu ba za su iya da sanyin duwatsu ba. A shekarun da suka biyo baya, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa haɗa tantin iyali da kayan sanyi, waɗanda suka ƙunshi shafin ciki da shimfiɗar ƙasa mai tare sanyi. Wannan ya shafi Jigawa kai tsaye, domin ambaliyar 2020 da ta 2022 sun rusa gidaje masu ɗimbin yawa a garuruwan bakin kogi cikin watannin Agusta da Satumba, kuma wanda gidansa ya rushe a ƙarshen damina, sau da yawa hunturu yakan riske shi yana ƙarƙashin tamfol ko sabon kwano.

Kacala: Annobar da ke Ɗauke da Magani

Kayan da ake ɗinka shafin motar zango da su suna da tsada, kuma ba a samunsu a kasuwar ƙauye. Amma tunda iska ce ainihin makarin, duk wani busasshen abu mai tsare iska zai yi aikin. A nan ne kacala ta shigo.

Kacala, wadda masana tsirrai ke kira Typha domingensis, doguwar ciyawar ruwa ce da kan kai mita uku ko fiye. A da, Kogin Haɗeja yakan cika ya yi ambaliya da damina, sannan ya janye da rani har wasu rassansa su ƙafe, kuma wannan ƙafewa ita ke hana kacala yaɗuwa. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana a kogin kusan duk shekara. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da kacala ke so. Ta mamaye magudanar Marma da tafkin Nguru da wasu rassan kogin, ta tare laka, ta karkatar da ruwa zuwa gonaki da ƙauyuka a wani wuri, ta hana shi isa wani wurin. Ta cinye wuraren su da kiwo, ta kuma zama maɓoyar jan-baki, tsuntsun da ke cinye gero da dawa da shinkafa. Wannan yanki kuwa yana da daraja a idon duniya: tafkin Nguru da magudanar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin dausayoyin Yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, dausayin Baturiya kuma ya bi baya a 2008.

Idan mai karatu ya yanka ganyen kacala a gicciye ya duba, zai ga cikinsa kamar soso, ɗakuna-ɗakuna ƙanana cike da iska. Saiwar kacala tana cikin laka inda babu iskar oksijin, saboda haka ta waɗannan ɗakuna take shaƙar iska daga ganye zuwa saiwa. Shi ya sa hanyar da ta fi kashe ta ita ce a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwa ya cika kafofin, saiwar ta shaƙe. To, wannan soso da ya ba kacala ikon mamaye kogi, shi ne kuma ya mai da busasshen ganyenta makarin zafi na ƙwarai.

Wasu ƙasashe sun riga sun gwada. A Jamus, cibiyar binciken gine-gine ta Fraunhofer ta yi aikin haɗa allunan gini daga ganyen wani jinsin kacala, lambar ratsawar zafinsu kimanin 0.052, kuma an yi amfani da su wajen gyara wani tsohon gida a birnin Nuramba. A Senigal da Muritaniya, inda kacala ta mamaye kogi bayan gina madatsar Diyama a 1986, an gudanar da shirye-shiryen sarrafa ta zuwa gawayi da kayan gini, har da allunan rufi da tubalin da aka cuɗa ƙasa da kacala. A gida Nijeriya kuma, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tare da abokan aikinta sun yi bincike kan mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Yi wa rufi shafi da ita bai bukatar masana'anta. Hannun da ya iya saƙa asabari ya isa.

Ɗan Lissafi

Domin a ga girman bambancin, a ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, wato rufinsa murabba'in mita 12 ke nan. A ce ana son cikinsa ya tsaya a digiri 18, alhali waje yana digiri 10, bambanci digiri 8. Kwano tsirara yana zubar da zafi kimanin wat 7 a kowane murabba'in mita, a kan kowane digiri ɗaya na bambanci. Idan aka ninka 7 sau 12 sau 8, za a sami wat 672.

Mutum babba da ke barci yana fitar da zafi kimanin wat 75. Mutum huɗu ke nan wat 300, wanda bai kai rabin abin da rufin ke zubarwa ba. Dole ɗakin ya yi ta sanyi har ya kusa daidaita da waje.

Yanzu a sa shafin busasshiyar kacala mai kaurin santimita 5, a bar ɗan fili tsakaninsa da kwano. Lambar nan ta 7 za ta sauko zuwa kimanin 1. Zafin da ke fita ta rufi ya koma 1 sau 12 sau 8, wato wat 96, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da jikin mutanen ke samarwa. Gaskiya ne bango da ƙofa da daɓe su ma suna shan nasu kason, amma an toshe babbar kafar. Jikin mazauna ɗakin ya zama shi ne murhunsu.

Yadda Ake Sa Shafi a Lokacin Ɗari

Matakin farko shi ne yanka. A zaɓi kacalar da ta ƙosa, a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa domin a rage tsirowarta. A cire kawunan nan masu kama da zangarniyar gero tun a bakin ruwa, domin kowane kai yana ɗauke da iri sama da dubu ɗari, kuma idan ya fashe iska za ta watsa su. Masu yanka su kula da tsargiya, wadda ake ɗauka ta hanyar shiga irin wannan ruwa. Dogon takalmin roba yana taimakawa.

Na biyu, shanya. A baza ganyen a kan rumfa ko itatuwa, kada ya taɓa ƙasa, a riƙa juya shi har ya bushe ƙayau ciki da waje. Iskar hunturu tana saurin busar da bayan ganye alhali soson ciki yana da sauran damshi, saboda haka a karya wasu a duba.

Na uku, saƙa. A jera ganyen damƙi-damƙi, kai da gindi, a ɗaure da igiyar kaba ko zaren nailan kamar yadda ake asabari, har kaurin ya kai santimita 3 zuwa 5. Busasshen ganye yakan karye a hunturu, don haka ana iya yayyafa masa ruwa kaɗan lokacin saƙa, amma a sake shanya tabarmar sosai kafin a ɗaga ta. Kada a matse ɗaurin har soson ya murƙushe, domin iskar cikinsa ake nema.

Na huɗu, gyaran rufi. A toshe duk inda kwano ke yoyo, a share ƙura da yanar gizo-gizo, a zura wayoyin lantarki cikin bututun roba, a kuma tabbata babu wani haɗin waya da ke tsirara.

Na biyar, ɗorawa. A kafa siraran katako ko a ja waya a ƙarƙashin rafta, a ɗora tabarmin a kai, a bar fili kamar faɗin yatsu uku tsakaninsu da kwano. Kowace tabarma ta hau kan 'yar'uwarta da kamar faɗin tafin hannu, a kuma cusa guntayen ganye a kusurwoyi da inda shafi ya haɗu da bango. A bukkar tamfol ko leda kuwa, a ɗaura tabarmin a jikin sandunan bukkar daga ciki, yadda za a iya kwance su a naɗe idan za a tashi.

Lokacin aiki ma yana da muhimmanci. Da sassafe kwano yakan jiƙe da raɓa, leda da tamfol sukan sandare su yi saurin yagewa, gam kuma ba ya kamawa saboda sanyi da ƙurar hazo. Gara a bari sai hantsi ya dubi ludayi, a yi aikin tsakanin hantsi da la'asar, a kuma fi dogara da ɗauri da ƙusa a kan gam.

Kada a manta da ƙasa. Mai kwana a kan daɓe ko yashin fadama yana zubar da ɗumi mai yawa ta ratsawa. Tabarmar kacala ninki biyu ƙarƙashin shimfiɗa, ko gadon kara, suna rage wannan.

Raɓa, Wuta da Iska Mai Guba

Akwai abubuwa uku da za su iya mayar da wannan alheri sharri idan aka yi sakaci.

Na farko shi ne damshi. Mai barci yana fitar da tururin ruwa kimanin giram 40 a kowace sa'a ta numfashi da fata, fitila ko risho mai kananzir kuma yana fitar da kusan lita ɗaya ta ruwa daga kowace litar mai da ya ƙone. Ga kuma damshin da ke tasowa daga ruwan fadama. Idan wannan tururi ya taɓa kwano mai sanyi sai ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga. Bayan an sa shafi kwanon yakan ƙara sanyi, tunda ɗumin ɗaki ba ya isa gare shi. Jiƙaƙƙen shafi kuwa ya tashi daga aiki, domin ruwa ya kore iskar cikinsa, sannan zai ruɓe. Wannan ne dalilin barin fili a bayansa, da barin ƙananan kafofi a bakin rufi domin iskar waje ta ratsa filin ta kwashe damshin.

Na biyu shi ne gobara. Busasshiyar kacala tana ci da wuta. A shafe fuskar da ke kallon ɗaki da kwaɓaɓɓen yumɓu siriri, wanda ke rage saurin kamawa, ya kuma hana ƙwari zama. Kada a rataya fitila ko a kunna kyandir da maganin sauro na wuta kusa da shi. Kowace shekara, kafin damina, a duba shi saboda gara da ɓeraye.

Na uku, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne iskar kabon monoksaid. Garwashi yana fitar da ita ko da ba ya hayaƙi. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya fi na oksijin sau 200 ko fiye. Alamominta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Ɗakin da aka yi wa shafi aka toshe gibinsa ya fi ɗaki mai kafofi saurin tara wannan iska. Saboda haka shafi da kasko ba sa zama ɗaki ɗaya. Haka ma janareta. A ko da yaushe a bar wata kafa da iska za ta shiga ta fita. Wanda aka same shi da waɗannan alamomi a fitar da shi fili nan take, a garzaya da shi asibiti.

Gwaji a Aji

Malamin kimiyya zai iya tabbatar wa ɗalibansa wannan bayani da kayan da ba su da tsada. A samo gwangwanayen madara uku masu girma ɗaya, da ma'aunin zafi, da agogo. A bar na farko tsirara, a naɗe na biyu da busasshiyar kacala mai kaurin santimita 3, a naɗe na uku da jiƙaƙƙiyar kacala mai kauri ɗaya. A zuba ruwan zafi daidai wa daida a cikinsu, a rufe bakinsu da kwali, a riƙa auna zafin kowanne bayan minti biyar-biyar har rabin sa'a. Ɗalibai su zana sakamakon a takardar jadawali, su bayyana dalilin da ya sa layukan uku suka rabu. Daga nan ana iya sake gwajin da ƙaiƙayin shinkafa, da auduga, da audugar rimi, da gashin kaza, domin a ga wanne ya fi. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta kuma tana iya ɗaukar ɗakuna biyu masu kama da juna, ta yi wa ɗaya shafi, ta auna zafinsu da asuba da kuma azahar har tsawon mako biyu.

Kammalawa

Awon azahar ɗin nan zai nuna wata riba ta biyu. Makarin zafi bai san gabas ko yamma ba. Yadda yake hana ɗumi fita a Janairu, haka yake hana zafin kwano sauka a kan mutane a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin iska ke wuce digiri 40 a wannan yanki. Aiki ɗaya ke nan yana biyan bukatar hunturu da ta bazara.

Saƙa tabarmin rufi ba zai share kacala daga Kogin Haɗeja ba, domin tushen yaɗuwarta yana ga yadda ake sakin ruwa daga madatsu da yadda ake yashe magudanu. Amma ciyawar da ake biyan kuɗi a yanke a ƙone, idan ta zama abin da masaƙa za su sayar, magina su ɗora, to masu yankanta za su ƙaru. Iyalin da suka kwana da ɗumi ba tare da kasko ba kuwa sun tsira daga haɗarin da ba sa gani, sun kuma rage kuɗin gawayi da saran itace. Ɗaliban Haɗeja da Guri da Nguru suna da kayan gwajin a bayan makarantarsu, kuma hunturu mai zuwa shi ne lokacin aunawa.